Shari'ar Kunne

Daren Laraba an ɗauke wuta a Fagge,
injin surfani ya yi tsit, ni ma na miƙe baya.
Na zazzage durowa kan teburin yanka,
ga iyafis biyar sun cukurkuɗe
kamar taliyar da ta kwana a tukunya.
Na ce yau za a yi ta ta ƙare.
Kunnena ne alƙali, kuma babu ɗaukaka ƙara.

Na biyar, farin nan na bakin titin Beirut,
da yaro ya rantse mini ɗan Dubai ne.
Kalangu a cikinsa gwangwanin madara,
mai waƙa kuwa kamar ya faɗa rijiya
yana kiran a miƙo guga.
Kwana tara ya yi a duniya.
Allah ya jiƙan ɗari takwas ɗina.

Na huɗu bulutut ne, ɗan gayu, baƙi wul,
da ɗan gidansa kamar na kwalli.
Ganga dai yana da ita, har haƙori na amsawa,
sai dai kwaɗayi:
ana tsakiyar baiti wata mata za ta kutso da Turanci
tana kukan yunwar caji.
Ɗan'uwansa ya faɗa kwata a Ƙofar Mata
ina saukowa daga adaidaita.
Yanzu gwauro ne.

Na uku zai ba ku haushi,
don shi ya cinye ribar ɗinkin sallah guda.
Ƙaton nan mai soso, mai rufe kunne ruf,
Mudassir ya zaɓo mini a Fam Santa.
Sauti kam, sai wanda ya ji.
Kana jin yatsa na zamewa kan tsirkiyar garaya,
kana jin mai sarewa na satar numfashi.
Amma ya haɗiye mini gari ɗungurungum,
ba hon, ba janareton maƙwabci, ba mai tallan rake.
Ran nan la'asar ta wuce ni ban ji ladan ba.
Barira ta yi sallama sau uku da kwanon dambu,
ta dire shi a bakin ƙofa ta juya.
Fushin ya kai Juma'a.
Ya zauna a na uku, ya gode Allah.

Na biyu ja ne, mai igiya, ba suna ba dangi,
a kwalin waya ya zo, gyara.
Ba ya ƙara gishiri, ba ya rage yaji.
Goge a cikinsa na da ɗacin nan na goro
mai komawa zaƙi bayan an kurɓi ruwa.
Da shi nake raba dare a kan wuyan babbar riga.

To, na ɗaya.
Kada ku yi dariya.
Ya fi shagon nan shekaru,
an naɗe shi da salatif wuri uku,
sai ka lanƙwasa igiyar daidai wani gurbi
kafin ya yarda ya yi magana.
Na Yaya Tasi'u ne, wanda ya koya mini zura zare.
Kunnen hagu ya riga shi mutuwa.
In awo za a bi, ko layi ba zai shiga ba,
akwai wani shuu a ƙasan kowace waƙa
kamar ruwan Agusta a kan kwano.
Amma a dama ina jin molo,
a hagu ina jin Fagge:
mai shayi na kaɗa ƙwai,
makanikai na musun ƙwallo,
Barira tun tana lungu na san takunta.
Sosonsa har yau in ya ɗumama
yana tashin ɗan turaren nan na Yaya,
na naira hamsin.

Na zura shi, na lanƙwasa igiyar.
Ana tsakiyar kiɗa
yaran layi suka kwashe da ihu, Nepa!
Da kunnen da ya mutu na ji su.
Na jawo kujera, na taka injin.